Haɗa tsofaffin waƙoƙinku da manhajar sauraro

Jama'a, ga masu tarin waƙoƙi a kwamfuta kuma suna biyan kuɗin wata na manhajar sauraro, ba sai kun riƙa tsalle tsakanin manhaja biyu ba.

Ni dai YouTube Music ya fi kwanta min. Ka buɗe shafinsu a kwamfuta, ka jawo fayilolinka ka zuba. Yana karɓar har waƙa 100,000, ko fayil ɗin nau'in MP3 ne ko FLAC duk ɗaya, daga nan ka saurara a kowace waya da asusunka. Spotify kuwa ba ya ɗora komai a intanet. Sai ka kunna "Local Files" a saituna, ya riƙa kunna abin da ke cikin na'urar kawai.

Amma kafin komai, a gyara sunayen da ke cikin fayil, wato sunan waƙa da na mawaƙi da na kundi. Na taɓa zuba nawa a gurguje, sai ga waƙoƙi sama da ɗari biyu jibge ƙarƙashin "Unknown Artist", wata sunanta "Track 07", wata kuma lambobi ne zalla. Kwana biyu na yi ina tsintarsu ɗaya bayan ɗaya. Manhajar Mp3tag kyauta ce a Windows, tana gyara sunan mawaƙi da na kundi a dunƙule.

Masu Apple Music ku yi hattara: yakan daidaita waƙarka da wadda ke rumbunsa, wani lokacin ya ba ka wani ɗauka daban. Don haka ku ajiye ainihin fayilolin a filashi, kada ku goge. Waɗanda kuka sauke daga manhajar ma aro ne, biya na tsayawa za su kulle.