Kafin ka kwance gilashin tsohuwar kyamara

Ƙannena masu son tsoffin kyamarori, sau uku ke nan cikin hunturun bana ana kawo mini gilashin Zorki ko FED, kyamarorin fim na tsohuwar Tarayyar Soviet, a ƙulle cikin leda, gutsi-gutsi, ana cewa "Malam, a taimaka a haɗa." Kuma kullum ɓarnar iri ɗaya ce.

Irin waɗannan kyamarori ba ta cikin gilashin ake leƙe ba. Wata 'yar taga ce daban, inda kake murɗawa har hoto biyu su hau juna su zama ɗaya. Gindin gilashin ne ke tura wani ɗan hannu a cikin kyamarar, shi kuma hannun ya motsa hoton da ke tagar. Don haka gilashi yana iya kaucewa, taga kuwa tana ce maka komai lafiya. Ba za ka sani ba sai an wanke fim.

Abin da ya same ni ke nan da gilashin Jupiter-8 na mahaifina, mai milimita 50, da ke kan Zorki 4. Giris ɗinsa ya daskare, na kwance na wanke. Ban san zaren murɗinsa yana da baki fiye da ɗaya ba, duk bakin da ka sa zai shiga sumul, amma ɗaya ne kawai daidai. Sai kuma wani siririn zobe, kaurinsa bai fi na takarda ba, na share shi tare da datti. Da Sallah na tsaya ƙofar fadar Sarkin Damagaram na cinye fim biyu, na aika Kano aka wanke. Bangon fada ya fito tsaf, mahaya kuwa dishi-dishi, ba fuskar da ake ganewa. A ciki har da kawuna bisa dokinsa, kuma hawansa na ƙarshe ke nan, Allah ya jiƙansa. Har yau abin yana ci mini rai.

Wannan zoben ba tarkace ba ne. Tsakanin mazaunin gilashi da fim milimita 28.8 ne, kuma da irin zobban nan aka daidaita kowane gilashi tun daga masana'anta. Ni yanzu sai na kai murɗin ƙarshen nesa, na ja layi da tsinin allura a kan sassan biyu. Ina warwarewa a hankali ina ƙirga zagaye, daidai inda suka rabu na sake jan wani layin. Kowane mataki sai na ɗauke shi da waya. Bayan haɗawa, na cire bayan kyamarar, na sa ta a B, wato inda labulen da ke tare haske daga fim ke tsayawa a buɗe, na shimfiɗa takarda mai shara-shara a mazaunin fim, na auna hasumiyar masallaci mai nisa, sannan na auna abu a mita ɗaya. In taga da takarda ba su yarda da juna ba, aiki bai ƙare ba.

Yanzu ga abin da ke sa ni faɗa. Wa ya koya muku hura wa gilashi numfashi ku goge da bakin riga? Ƙurar hunturu yashi ce, ku taɓa ta ku ji. Fentin da ke kan gilasan nan na da, mai shuɗi-shuɗi, laushi gare shi. Na ga yaro a Kasuwar Dole ya goge wani gilashin Industar da gefen rawaninsa, ya ɗaga ya nuna mini yana murna. Da na haska da tocila, zane ne zagaye-zagaye kamar gindin tsohuwar tasa. Wannan ba ya gyaruwa. A fara hure ƙurar da robar iska, a bi da burushi mai laushi, sannan ɗigon alkol a kan takardar gilashi, shafa ɗaya a jefar.

Batun mai kuma: ban yarda da WD-40 ba, ban yarda da man keken ɗinki ba, balle giris ɗin mota. Zafin bazarar Damagaram sai ya narkar da shi ya gangara kan 'yan fukafukan da ke tsuke haske, su manne, kai kuma ka murɗa da ƙarfi ka karya ƙafarsu. Fukafukan nan a bushe suke aiki. A zaren murɗi kaɗai nake sa giris, shi ma gwargwadon ƙwayar gero biyu.

Kada ka kama zoben gaba da filaya, guntun tsohuwar tub ya isa. Gilasan da aka manne biyu-biyu kada ka jiƙa su cikin alkol, ƙaron da ke tsakaninsu zai saki. Jupiter-12 kuwa gilashinsa na baya a waje yake, ba a dire shi a kan teburi.

In ka gama, rufe gilashin da marfinsa kafin ka fita. Labulen Zorki da FED na ƙyalle ne, in kyamara ta kalli ranar azahar ba marfi, gilashin da ka gyara ɗin shi zai tara hasken ya huda labulen.