Yadda Ake Samo Roba Mai Ruɓewa Daga Gansakuka

Ledar da ke toshe mana kwatoci daga Samaru har Tudun Wada a Zariya ce ta sa nake kiwon sayanobakteriya, ƙananan halittun nan masu kama da gansakuka. Da hasken rana da iskar kabon suke rayuwa, kuma suna tara wani sinadari a cikinsu, PHB, wanda ake narkarwa a yi roba mai ruɓewa a ƙasa.

Fara da Sifirulina, wani nau'in sayanobakteriya, wadda matan Kanembu ke kwasa a yankin Tafkin Chadi. Nemi tsabtataccen iri daga ɗakin gwaji. Kada ka ɗebo daga kududdufi ko dam ɗin Kubanni, domin wasu irin na da guba mai lalata hanta.

Zuba ruwa a faffaɗan baho, zurfin kamar santimita 20. Sa kanwa har pH, wato ma'aunin tsami ko ƙarfin kanwa a ruwa, ya kai 9 zuwa 10, ka ƙara takin naitirojin da fosfaras, sannan ka zuba irin. Riƙa motsawa safe da yamma. Sifirulina na son zafin digiri 30 zuwa 35, saboda haka sanyin hunturun Zariya na tsayar da ita cak. Rufe bahon da dare.

Ga inda aikin yake. Idan ruwan ya yi kore shar, tace ta, ka mayar cikin ruwan da babu naitirojin. Yunwar nan ce ke tilasta mata tara PHB. Za ka ga koren yana dishewa zuwa rawaya-rawaya, kada hankalinka ya tashi.

Sai a tace da ƙyalle, a shanya. Cire PHB kan buƙaci sinadarin kulorofom, mai haɗari ne, a bar shi ga ɗakin gwaji. Abin da ake samu kaɗan ne, don haka auna busasshen nauyin kowane baho ka rubuta, ka ga wanda ya fi bayarwa.