Kafin ka sayi a-kori-kura, auna cikinta

Shekara 9 ina jigilar albasa daga Galmi zuwa Tahoua, kuma mai ne ke cinye mini riba. In za ka saya, nemi mai shan gazuwal. Hilux mai injin lita 2.4 ta fi Land Cruiser mai 4.2 sauƙin sha. In ba yashin Abalak za ka shiga ba, 4x4, wato mai ja da ƙafa huɗu, ƙarin nauyi ne kawai.

Ta hannu kuwa, kada lambar kilomita ta ruɗe ka, ana mayar da ita baya. Cika tanki, ka yi kilomita 100 da kaya, ka sake cikawa, ka lissafa. Baƙin hayaƙi galibi injekta, masu fesa mai cikin inji, ne suka gaji. Tafi da bakanikenka, na dillali bakinsu ɗaya.