Yadda ake haɗa wa yaro littattafan da za su riƙe masa harshe da al'adun Filifin

Tun shekarun 1970 aka riƙa ɗauko malaman makaranta da likitoci da ma'aikatan jinya daga ƙasar Filifin zuwa Najeriya, har da jihohin arewa. Wasu sun gama kwantiraginsu sun koma gida, wasu kuwa aure ya riƙe su. A Jidda da Riyad da Dubai ma akwai gidajen da uba Bahaushe ne, uwa kuma 'yar Filifin. Yaran irin waɗannan gidaje sukan tashi da Hausa da Turanci, wani lokaci da Larabci, amma in kakarsu ta kira daga Cebu ko Iloilo sai ka ga sun tsaya suna murmushi a gaban waya, baki ya kasa. Littafi kaɗai ba zai gyara wannan ba, amma a gidan da mutum ɗaya tak ke jin harshen, littafi ne babban mataimakinsa. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: ku tabbatar da wane harshe ake nema

A nan mutane da yawa ke yin asarar kuɗi. Ƙasar Filifin tsibirai ce sama da 7,000, harsunanta kuma sun haura 170. Tsarin mulkin 1987 ya sa harshen Filipino ya zama harshen ƙasa, shi da Turanci kuma su ne harsunan aikin gwamnati. Shi Filipino an gina shi ne a kan Tagalog, harshen Manila da kewayenta. Amma mutumin Cebu ko Davao da Cebuano ya tashi, wanda su suka fi kira Bisaya. Na Iloilo da Bacolod Hiligaynon yake yi. Na arewacin Luzon Ilocano, na Samar da gabashin Leyte Waray, na Marawi kuma Maranao. Waɗannan harsuna ne daban-daban, ba karin harshe ɗaya ba, mai jin wannan ba lallai ya ji wancan ba.

Saboda haka kafin a sayi komai, a tambayi uwar yaron: da wane harshe mahaifiyarki take yi miki faɗa? Wannan shi ne harshen da za a fara nema. A ganina kuskure ne a tara wa jikan Bisaya littattafan Tagalog zalla a ce an haɗa shi da asalinsa, alhali kakarsa in ta karanta su ma da harshen makaranta za ta karanta, ba da harshen da take rarrashin yaro ba. Gaskiya ne littattafan Tagalog sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma yaro zai amfana da su, domin da su zai yi magana da kowa a ƙasar. A sayo su. Sai dai a ware wa harshen gida wurinsa ko da littattafai biyu ne.

Mataki na biyu: ku san gidajen da ke buga su

Sunan da za ku fi cin karo da shi shi ne Adarna House, wanda mawaƙi Virgilio Almario ya kafa a 1980. An samo sunan ne daga tsuntsuwar Adarna ta wata tsohuwar waƙar labari, wadda kukanta ke warkar da mara lafiya. Yawancin littattafansu masu hoto da harshe biyu suke zuwa, Filipino da Turanci. Akwai kuma Tahanan Books da Lampara Books da Anvil, sai Hiyas wanda na wani gidan ɗab'i ne na Kirista, don haka wa'azin addini yakan fito a cikin nasa. Sari-Sari Storybooks ƙaramin gida ne, amma shi ya ɗauki aikin da manya suka bari, yana buga labarai da harsuna irin su Cebuano da Waray da Maranao tare da Turanci.

In kun rasa abin da za ku zaɓa, ku duba ko akwai tambarin kyauta a bango. Hukumar littattafan yara ta ƙasar, wadda ake kira PBBY a taƙaice, tana ba marubuta kyautar Salanga, masu zane kuma kyautar Alcala. Littafin da ya ci ɗaya daga cikinsu da wuya ya ba ku kunya.

Mataki na uku: ku buɗe littafin ku duba cikinsa

Wannan matakin ya fi sauran buƙatar natsuwa. Akwai wani irin littafi da ake yi wa yaran da ke zaune a waje: shafi ɗaya tuta, shafi ɗaya kayan gargajiya, shafi ɗaya abinci, kowane da kalma ɗaya a ƙarƙashi. Yana da amfani ga ɗan shekara biyu da ke koyon sunayen abubuwa. Da ya wuce nan sai ya gundure shi, domin babu wanda ya ɓata, babu wanda aka yaudara, babu abin da zai sa ya ce a sake. Labari ne ke riƙe yaro, harshen kuma a cikin labarin yake shiga.

Ku fara da tatsuniyar biri da kunkuru. Sun tsinci bishiyar ayaba tana yawo a kogi, suka raba ta biyu. Biri ya zaɓi sama mai ganye don ya ga ta fi kyau, ya bar wa kunkuru gindi mai saiwa. Ta biri ta bushe, ta kunkuru ta yi 'ya'ya. Da ayaba ta nuna kunkuru bai iya hawa ba, biri ya hau ya cinye, bai jefo masa ko ɗaya ba. Kunkuru ya jera masa ƙaya a gindin bishiyar. Da biri ya kama shi ya ce ya zaɓa, ko a daka shi a turmi ko a jefa shi ruwa, sai kunkuru ya hau roƙo kada a jefa shi ruwa, ai nutsewa zai yi. Kun san ƙarshen. José Rizal, gwarzon ƙasar, shi ya rubuta wannan tatsuniya da Turanci aka buga a wata mujalla a Landan a watan Yulin 1889, ya kuma yi mata zane da hannunsa. Shi ya sa Talata ta uku ta watan Yuli ta zama ranar littattafan yara ta ƙasa a Filifin.

Bayan ita ku nemi labaran da ake kira alamat, masu bayanin asalin abubuwa. Wanda yara suka fi so shi ne na abarba: wata yarinya ce mai suna Pina, kullum in an aike ta ɗauko abu sai ta ce ba ta gani ba. Ran nan uwar tana kwance ba lafiya, yarinyar ta kasa gano ludayi, uwar ta fusata ta ce ina ma idanu su fito miki ko'ina a jiki. Sai yarinya ta ɓace, wani ɗan itace mai idanu jiki duka ya tsiro a tsakar gida. Akwai Juan Tamad, malalacin da ya kwanta ƙarƙashin bishiyar gwaiba ya buɗe baki yana jiran ta faɗo. Akwai kuma labaran Lola Basyang, tsohuwa mai tatsuniya da Severino Reyes ya ƙirƙira a mujallar Liwayway a 1925, waɗanda har yau ake sake buga su da sabon zane.

Ku duba hotunan da kyau. Mai zanen da ya san wurin zai sa takalman silifa a jere a bakin ƙofa, ƙaramin kantin unguwa mai ledojin alewa a rataye, motar jifni mai fenti kala-kala, ɓaunar noma a cikin taɓon shinkafa. Zai kuma yi yaran da launin fatarsu na gaskiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ke neman mai kama da shi a takarda. Sannan ku lura da yadda aka jera harsunan biyu a shafi. In Turanci ne a sama da manyan baƙaƙe, harshen gida a ƙasa da ƙanana, idon yaro Turancin zai bi. Ku fi son wanda ya sa harshen gida a gaba.

Mataki na huɗu: addini da abinci

Mafi yawan 'yan Filifin Katolika ne, gadon mulkin Sifaniya na sama da shekara 300. Don haka littattafan cike suke da bikin Kirsimeti da fitilar tauraro da ake kira parol da bukukuwan waliyyan coci, kuma a teburin biki sau da yawa za ku ga gasasshen alade. Iyaye Musulmi su karanta littafin tukuna su san abin da za su ce in yaro ya tambaya. In dangin uwarsa Kiristoci ne, to rayuwar kakanninsa ce yake gani, gara ya ji bayaninta daga bakinku.

Amma Filifin tana da Musulminta, kuma Musulunci ya riga Sifaniyawa isa can. Masallacin Sheikh Karimul Makhdum da ke Simunul a lardin Tawi-Tawi ana danganta kafuwarsa da shekarar 1380. Maranao da Maguindanao da Tausug suna da adabinsu, har sun rubuta harsunansu da baƙaƙen Larabci kamar yadda muka yi ajami. Ku nemi labaran Pilandok, ɗan ƙaramin mai wayo da ke yi wa sarakuna da kadoji dabara. Yaron da ya san Gizo zai gane shi tun shafi na biyu. Ku nemi kuma littattafan da suka ɗebo daga Darangen, doguwar waƙar jarumtar Maranao da UNESCO ta karrama a 2005, da masu zanen sarimanok, zakaran nan mai launuka da kifi a baki.

Mataki na biyar: ku gyara bakinku kafin ku karanta

Wannan na uba ne, ko duk wanda ba harshensa ba ne. Kada a bar wa uwa aikin ita kaɗai, domin yaro yana lura da abin da uba ya ɗauka da muhimmanci. An yi sa'a wasulan Filipino biyar ne, a, e, i, o, u, kuma ana furta su kusan yadda muke furta namu. Abubuwa uku ne ke kayar da baƙo. Kalmar ng in ta tsaya ita kaɗai nang ake karanta ta. Kalmar mga, mai nuna jam'i, ana karanta ta kamar manga, amma ba a fito da g ɗin sarai, ta hanci take wucewa. Na uku shi ne inda ake danna murya: aso in an danna gaba kare ne, in an danna ƙarshe hayaƙi ne, kuma littattafai ba su cika sa alama ba. Ku sa uwar ta karanta shafin sau ɗaya ku ɗauka a waya, ku saurara, sannan ku gwada.

Mataki na shida: zaman karatun kansa

Minti goma kullum ya fi awa guda ran Asabar. Ku karanta harshen gida da farko, ku nuna hoto, ku bar yaro ya yi hasashe. Sai in ya rikice sosai za a leƙa Turancin. Littafi ɗaya a maimaita shi har ya haddace, in kun tsaya a tsakiyar jimla ya ƙarasa.

Abin da aka karanta a fito da shi daga takarda. In yaron cikin labari ya ce opo, wato "eh" ta ladabi, ga babba maimakon oo, to daga yau haka za a amsa wa Lola, wato kaka mace, da Lolo, kaka namiji. In ya kama hannun tsoho ya kai goshinsa yana cewa mano po, a gwada a gida. Babban wa Kuya ne, babbar ya Ate, ba a kiran sunansu gatsau. Yaron da ya saba da Yaya ba zai sha wahala a nan ba.

Waƙar gargajiya ta Bahay Kubo, wadda ake bugawa a matsayin littafin hoto, tana lissafa kayan lambu 18 da ke kewaye da wata 'yar bukka. Da yawansu suna cikin kicin ɗinku yanzu haka: mani gyaɗa ce, kalabasa kabewa, sibuyas albasa, kamatis tumatir, bawang tafarnuwa, luya citta, linga riɗi. Ku zuba su a faifai, ana rerawa yaro yana ɗaga wanda aka ambata. Sannan sau ɗaya a mako a kira kaka ta bidiyo. A aika mata hotunan shafukan tukuna, ita ta karanta daga can, jika yana juya takarda daga nan. Manila tana gaban Najeriya da awa bakwai, don haka safiyar Asabar a nan ita ce la'asar a can.

Mataki na bakwai: inda za a samu, da abin yi in babu

Aika littafi ta gidan waya daga Manila yakan fi kuɗin littafin tsada. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba mai tafiya hutu jerin sunaye, ya shiga kantin littattafai na National Book Store ko ya saya kai tsaye daga gidan ɗab'in. In tafiyar ta faɗo a Satumba, lokacin ne ake baje kolin littattafai na Manila, inda gidajen ke haɗuwa wuri guda. A intanet kuma akwai na kyauta: Let's Read na gidauniyar Asia Foundation, da Bloom Library, da littattafan da ƙungiyar CANVAS ke sakawa a shafinta. A sauke a buga a kan takarda mai kauri a ɗinke, domin yaro ya fi sakewa da abin da zai riƙe ya kai gado.

In harshen kaka yana cikin waɗanda ba a samun littafinsu, sai ku yi naku. A sa ta ba da tatsuniya ɗaya ko ta faɗi kacici-kacici biyar, waɗanda Tagalog ke kira bugtong, a ɗauki muryar. Uwa ta rubuta yadda aka faɗa, kada ta gyara shi ya koma harshen makaranta. A raba shi shafi goma sha biyu, jimla ɗaya ko biyu a kowane shafi, a bar sama fili yaro ya yi zane. A bango a rubuta sunan kakar da garinta da shekarar da aka ɗauka, a buga kwafi biyu, ɗaya a aika mata.