Babi na 6: Yaro Mai Jinkirin Tasowa, da Yadda Ake Fara Koyar da Shi Tun Daga Tsakar Gida

Da wuya a sami unguwar da babu gidan da ke da yaron da sa'o'insa suka yi zama shi bai yi ba, suka miƙe da tatata shi yana kwance, suka cika gida da surutu shi ko "Inna" bai faɗa ba. Abin da aka saba gaya wa uwar shi ne: "Ki ƙyale shi, kowane yaro da ranarsa, ubansa ma sai da ya shekara uku ya yi magana." Wani lokaci hakan yakan zama gaskiya. Amma idan ba gaskiya ba ne fa? Shekaru ukun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin ginuwa da ɗaukar sabon abu, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uwar da ta fara koyarwa da wuri ba ta yi asarar komai ba ko da daga baya yaron ya cim ma sa'o'insa. Wadda ta jira har ya kai shekara shida ta yi asarar lokacin da ba ya dawowa.

Yaushe za a ce an yi jinkiri?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi diddigin tasowar yara masu lafiya a ƙasashe 5, ciki har da Gana, ta fitar da sakamako a 2006. Kusan dukkansu sun yi zama ba tare da an tallafe su ba kafin su wuce wata 9, sun yi tafiya da kansu kafin su cika wata 18. Saboda haka a kai yaro a duba shi idan ya cika wata 4 wuyansa bai tsaya ba, ko wata 9 bai yi zama ba, ko wata 18 bai yi tafiya ba. Ta fannin magana kuma, ɗan shekara ɗaya ya kamata a ce yana gwaranci, yana waiwayowa idan an kira sunansa, yana nuna abu da yatsa. Ɗan shekara biyu yakan haɗa kalma biyu, kamar "ba ni" ko "Baba tafi".

Bakwaini lissafinsa dabam ne. Idan an haife shi saura wata biyu, a cire wata biyun nan daga watanninsa har ya cika shekara biyu: ɗan wata 9 a kalanda, a auna shi da ɗan wata 7.

Abu ɗaya ne ba a jira a kansa ko na mako guda: yaron da ya iya abu sannan ya daina. Yana cewa "ruwa" ya bari, yana zama ya koma kwanciya. Wannan sai asibiti.

Sanadin jinkirin yana da yawa. Akwai doguwar naƙuda da jariri ya fito bai yi kuka da wuri ba, da shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da ƙyanda, da tamowa, da ƙarancin sinadarin ayodin a jikin mai ciki. Akwai gubar dalma, irin wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, sakamakon niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Ana kuma samun dalma a kwallin dutse da ake sa wa jarirai. Wasu yaran kuwa da abinsu aka haife su, kamar masu galahanga. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba laifin uwa ba ne, kuma yaron ba ɗan ruwa ba ne. Ɗan mutum ne, amana ce a hannun iyayensa. A yi masa addu'a, a kuma kai shi wurin likita, ɗaya ba ta hana ɗaya.

Kafin a fara: kunne da ido

Yara da dama da ake cewa "ba su da fahimta" ji ne ba su yi sosai. Ga yadda ake gwadawa a gida idan yaro ya kai wata 7. Uwa ta zauna ta ɗora shi a cinya. Wata ta zauna a gabansa tana ɗauke masa hankali da wani abu ba tare da ta yi magana ba. Mutum na uku ya tsaya a baya, nisan kamu biyu, daidai tsayin kunnen yaron, ya kaɗa gwangwani mai tsakuwa a hankali. A yi sau 3 a dama, sau 3 a hagu. Mai ji zai juya kai wajen sautin.

Inda gwajin ke lalacewa: yaron ya hango inuwar mai kaɗawa, ko ya ji ƙanshin turarenta, ko uwa ta motsa cinya, sai ya juya, a ɗauka ji ya yi. Tafi kusa da kunne ma ba gwaji ba ne, domin iskar tafin kan bugi fatarsa. Gwajin gida hasashe ne kawai. In akwai shakka, ko kunne na zubar da mugunya, a nemi takardar turawa zuwa sashen kunne na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Ido kuma, a riƙe jan ƙyalle nisan taƙi ɗaya da rabi daga fuskar ɗan wata 3, a ja shi dama da hagu a hankali, a ga ko zai bi shi da ido. Idan an ga fari a tsakiyar ƙwayar idon, kada a ɗiga komai, a tafi asibitin ido.

Dabarar ƙananan matakai

A 1969 aka fara wani shiri a garin Portage na Amurka, inda malama kan ziyarci gida sau ɗaya a mako, ta zaɓi ƙaramin abu ɗaya tare da uwa, uwar ta yi ta koya wa yaron har mako ya zagayo. Ƙasashe da yawa sun ɗauki wannan tsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shirin horar da iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 9 masu jinkirin tasowa, wanda ya ƙunshi zama 9 na rukuni da ziyarar gida 3. Ginshiƙinsu ɗaya ne: wanda ke tare da yaro kullum shi ne babban malaminsa.

Mu ɗauki shan ruwa da kofi. A idon babba aiki ɗaya ne, amma a wurin yaro aiki shida ne: ya kama kofin, ya ɗaga, ya kai baki, ya karkata, ya haɗiye, ya ajiye. A sami ƙaramin kofin roba mai hannu, a zuba ruwa cokali 3 kacal, domin cikakken kofi nauyi gare shi, kuma in ya zube masa a jiki sai ya tsorata. Uwa ta zauna a bayansa, ba a gabansa ba, ta ɗora hannunta a kan nasa, su yi duka matakan tare tana cewa "sha". Bayan kwana biyu ko uku, sai ta riƙa sakin hannunsa a mataki na ƙarshe, ya ajiye kofin da kansa. In ya iya, ta sake shi tun daga karkatawa. Haka za ta riƙa ja da baya har ya zama shi ke yin komai. Dalilin farawa daga ƙarshe shi ne kullum yaron ne ke kammala aikin, shi ke samun "Yauwa! Ka iya!" Taimakon ma a hankali ake janye shi: daga tafin hannu zuwa wuyan hannu, zuwa gwiwar hannu, zuwa magana kawai.

Yabo ya zo nan take, ba bayan an gama wanke-wanke ba. Zama ya kasance na minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a rana, lokacin da yaron ba ya jin barci ko yunwa mai tsanani.

Ga inda karatun da kuke koya zai yi muku rana. A ja layi 7 a littafin rubutu, kowane layi da sunan rana, Asabar zuwa Juma'a. Kowace rana a gwada sau 5. In ya yi da kansa a rubuta K, in da taimako a rubuta T. Idan aka sami K huɗu cikin biyar kwana uku a jere, a wuce mataki na gaba. Idan mako biyu suka wuce T ne kawai, ba taurin kai ba ne, matakin ne ya yi masa girma, a sake raba shi biyu. Kurakuran da suka fi yawa su ne koya abu uku a lokaci ɗaya, da canza kalma kullum (yau "sha", gobe "kurɓa"), da tausayin da ke sa kaka ko yaya su yi wa yaron abin da ya fara iyawa. A zaunar da mutanen gida a gaya musu abin da ake koya a makon.

Mai sanƙarewar jiki ko laushin jiki

Yaron da ya wuni kwance a rigingine rufin ɗaki kawai yake gani, gaɓoɓinsa kuma suna ƙara ƙagewa. A riƙa canza masa yanayi: rub-da-ciki da naɗaɗɗen tawul a ƙarƙashin ƙirji, hannuwansa a gaba, minti 3 zuwa 5 idonsa biyu kuma ana kallonsa, kwanciya a gefe, zama a kusurwar kwali mai ƙarfi ko cikin baho da aka tokare da zannuwa. Goyo yana da amfani ga mai harɗe ƙafafu, domin yana buɗe cinyoyi, amma a tallafe wuya da zane. Kada a miƙar da gaɓa da ƙarfi. Ma'aikatan sashen gashin ƙashi su ne za su nuna irin motsin da ya dace da kowane yaro, a kuma tambaye su kafin a ba shi keken koyon tafiya.

Ciyarwa ita ce wurin haɗari. Ɗura, wato kwantar da yaro a toshe masa hanci a kwarara masa koko, tana tura abinci cikin huhu, ta jawo ciwon huhu, har ta yi kisa. A zaunar da shi a miƙe, haɓarsa ta ɗan sunkuyo. A yi kunun da kauri, domin mai ruwa-ruwa ya fi saurin sarƙe shi. Rabin ƙaramin cokali a lokaci ɗaya, a jira ya haɗiye. Bayan an gama ya zauna a miƙe kamar rabin awa. In yana yawan tari ko muryarsa na fita kamar da ruwa a maƙogwaro lokacin ci, a gaya wa likita.

In jijjiga ta kama shi, a kwantar da shi a gefe, kada a sa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a ba shi ruwa. In ta wuce minti 5, asibiti. Farfaɗiya ba a ɗaukar ta ta yawu.

Magana

A durƙusa ido ya yi daidai da nasa. A riƙe ƙosai a hannu ɗaya, ayaba a ɗaya: "Ƙosai ko ayaba?" Sai a yi shiru a ƙirga goma a zuci. Wannan shirun shi ne abin da ya fi yi wa iyaye wuya. In ya kalli ayaba, ko ya miƙa hannu, ko ya ce "ba", amsa ce, a ce "Ayaba!" a ba shi. Yaron da ake ba komai kafin ya nema ba shi da dalilin buɗe baki. Kada a ce masa "ba haka ake faɗa ba", a maimaita kalmar daidai kawai. Maganar hannu ba ta hana maganar baki fitowa, kuma ga kurma ita ce harshensa, gara duk gida a koya da wuri. Waya kuwa ba ta koya wa jariri magana. Shawarar masana ita ce kada a ajiye wa ɗan ƙasa da shekara 2 ita.

Kayan wasa suna madafa: ludayi, ƙwarya, faifai, gwangwanin madara da aka daddale bakinsa. A guji duk abin da zai shige baki, kamar wake, tsakuwa a sake, da ƙaramin batir.

Shiga aji

Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, kyauta har zuwa sakandare. Makarantun firamare na gwamnati da yawa suna da ajin share fage, akwai kuma islamiyya, akwai makarantu na musamman irin ta Tudun Maliki a Kano. Kafin ranar farko, uba ko uwa su je da littafin nan na K da T, su ce: "Malama, ga abin da ya iya, ga abin da muke kai yanzu. In ya ja rigarsa ƙasa, bayan gida yake nufi." A roƙi a zaunar da shi a gaba, a ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, kuma ban da bulala, domin duka ba ya buɗe kunnen da ba ya ji. A fara da awa ɗaya, tare da yayarsa in da hali, a riƙa ƙarawa kowane mako.

Aikin wannan mako

Ku zaɓi aiki ɗaya: cin tuwo da hannu, cire takalmi, ko wanke hannu da buta. Ku rubuta matakansa ɗaya bayan ɗaya, kada su gaza 5. Ku ja layin kwana 7, ku cika shi da K da T, ku zo da shi aji ranar darasi na gaba.