Mota ta karkace ta baya bayan an saukar da ita: ka auna kafin ka sai amortisa

Idan anka saukar maka da mota, wato anka rage mata tsawo, ta kwanta yadda kake so, sai ka tsaya bayanta ka ga gefe guda ya fi ɗayan ƙasa, abin da za a fara ce maka a gareji shi ne amortisa ta mutu a canza. Don Allah ɗan'uwa kar ka yi saurin fidda kuɗi. Nauyin mota sifirin ke ɗauke da shi, aikin amortisa kawai ta hana motar yin ta lilo bayan ta faɗa rami, shi ya sa za ka iya zuba sabbi dal guda biyu ka fito motar na nan a karkace yadda take. Sai dai in amortisar ta ƙage ta ƙi shiga ta ƙi fita, wannan kam tana iya riƙe gefe guda sama, kuma da ka danna gefen da hannu za ka ji shi ƙam ba motsi.

Awo shi ne farko, kuma ido ba ya awo. A cikin unguwanninmu na Maraɗi, ko Zariya ko Ali Ɗan Sofo, ƙofar gida yashi ne da tudu da kwari, mota lahiya lau ma in ta tsaya nan sai ka rantse ta karkace. Nemi daɓen siminti mai faɗi. Shi ma simintin kar ka yarda da shi haka nan don galibi ana ɗan gangarar da shi saboda ruwa, dabarar ita ce ka auna sau ɗaya, ka juya motar ta fuskanci inda ta fito a daidai wurin, ka sake aunawa. In gefen da ke ƙasa ya canza to daɓen ne, motarka ba ta da komai.

Kafin awon ka biya wajen mai faci a daidaita iskar tayu huɗu yadda takardar da ke jikin ƙofar direba ta ce. Ka kwashe kayan but kaf, jarkar ruwa, buhun gero da aka manta, babbar sifika in ta zauna gefe guda. Mai ma nauyi ne, lita 50 ta fetur ta kusa kilo 37, kuma a wasu motoci tankin ya fi karkata gefe guda. Sa'an nan ka sa giya, ka saki birkin hannu, ka danna bayan motar ka sake sau da yawa, ka fidda giyar ka ɗan tura ta gaba da baya ta zauna da kanta. Motar da anka sauko da ita daga jak yanzun nan ba a auna ta, tayun ba su baje ba tukun.

Tef ɗin awo kuma kar ka ɗora shi daga ƙasa. Daga tsakiyar rim za ka ja shi miƙe sama zuwa bakin bodin da ke saman tayar, ta haka taya mai ci ko mai ƙarancin iska ba za ta ruɗe ka ba. Ka yi wa ƙafa huɗun duka, ka rubuta da milimita. In bambancin hagu da dama bai kai santimita 1 ba ni a ganina ka bar ta haka, motoci da yawa da ɗan wannan suke fitowa, gefen direba ma yakan ɗan fi zama saboda kullum shi ke ɗauke da mutum. In ya kai santimita 1 da rabi ko 2 to akwai magana. Wani abu kuma, motocinmu yawanci na hannu ne da sunka shigo ta Kwatano, ba ka san wadda anka taɓa bugawa anka gyara bodinta da walda da fenti ba, saboda haka ka ƙara awo na biyu daga ƙasa zuwa wurin da ake kafa jak. In can ƙasa daidai ne amma bakin bodi ya bambanta, aikin mai gyaran bodi ne ka gani.

Dalilin da ya sa na ce ƙafa huɗu, matsalar baya sau da yawa daga gaba take. Mota kamar tebur ce mai ƙafa huɗu, in ƙafar gaba ta hagu ta gajarta sai kusurwar baya ta dama ta ɗaga. Mutum na can yana kwance baya yana ɗaurewa alhali sifirin gaba ne bai zauna ba. In lambobinka sun nuna gaba-hagu ƙasa baya-dama sama, ko akasin haka, fara da gaba.

To in baya ne da gaske, ka koma kan aikin da anka yi ranar saukarwa, don motar da take daidai kafin a taɓa ta mafi yawa hannu ne ya karkatar da ita. Leƙa da tocila ka ga mazaunin sifirin. Ƙarshen wayar yana da ɗan gurbin da yake tokarewa, in anka ɗora shi ya hau kan tudun gurbin, gefen zai tashi. Ka duba ko an kifa ɗaya kai ƙasa, rubutun da ke jiki yakan nuna, lambobin biyun kuma su zama iri ɗaya. Robar da ke saman sifirin ma ana mantawa da ita gefe guda, ko ta tsage. Masu Mercedes 190 da W124 ku lura da wannan sosai, robobinsu kauri-kauri ne, na baya akwai milimita 8, 13 da 18, ana gane su da ƴan ƙulla da ke bakinsu, in mai ƙulli ɗaya ta shiga hagu mai uku ta shiga dama ai dole ta karkace.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na bushin, wato robar da ke mahaɗar ƙafar mota, don kyauta ake gyara shi amma ana sa mutane sayen kaya a kansa. Robar bushin manne take da ƙarfenta ciki da waje, murɗewa take yi in ƙafa ta motsa. In yaron gareji ya ɗaure notin tam lokacin da mota ke bisa jak ƙafafu na reto, da an sauke ta robar ta riga ta murɗe tana ja sama, ga shi motar an saukar da ita murɗin ya ƙaru, sai gefen ya ƙi zama kuma bushin ɗin ya tsage da wuri. Ka ce masa cikin girmamawa, “Maigida, a taimaka a sassauta notocin ƙafar baya, a sauke ta kan tayunta mu girgiza ta, sa'an nan a ɗaure.” A kan ramin gareji ake jin daɗin wannan aikin.

Bayan nan a cire ɗan linkej guda na sandar da ke haɗa ƙafafun baya biyu, in motar na da ita, a sake awo. In ta daidaita, sandar ce ta lanƙwashe ko linkej ɗin ba tsawonsu ɗaya ba.

Duk an yi ba ta daidaita ba, sai gwajin da ke raba gardama, a musanya sifirin hagu da na dama. In karkatar ta bi sifirin ta koma ɗaya gefen, sifirin ne, a canza su biyu tare kar a canza ɗaya. In ta tsaya inda take to jikin motar ne, ƙafa ko gindin baya ya lanƙwashe, abin da rami guda a hanyar Ɗan Isa da gudu zai iya yi wa motar da ba ta da tsawo. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin saukarwar da ake yi nan yanka sifirin ake, wani ma da wutar walda ake gasa shi har ya zauna. Wanda anka gasa ya rasa ƙarfinsa, zai ci gaba da zama kowane gefe yadda ya ga dama har ya karye, ba shi da gyara sai canji. Mai koyiloba, wato amortisa mai zare a jiki da zoben da ake murɗawa a ɗaga ko a sauke sifirin, shi da sauƙi, ya ƙirga zaren da ya rage ƙarƙashin zoben kowane gefe ko ya auna da tef, ya wanke yashin da ya cika zaren kafin ya murɗa.

Peugeot 206, 306 da 405 nasu daban ne, bayansu sandunan ƙarfe masu murɗawa ne da haƙora a kai biyu, saukarwa zare sandar ake a maida ta kan wani haƙori, in gefe guda ya kuskure haƙori ɗaya shi ke nan ta karkace. Kuma in ka ga tayar baya ta 206 ta kwanto ciki ta sama tana ƙara, boris ɗin da ke cikin hannun ƙafar ne sunka ci, a fara da su.

Duk wanda zai shiga ƙarƙashi a kafa ƙafafun ƙarfe, jak kaɗai ko bulon siminti suna kashe mutum, sifirin da ke matse kuma a kama shi da abin matse shi kafin a kwance noti. In tsawo ya daidaita a kai ta alaimen, wato saitin tayu, a gyara saitin fitilun gaba, sa'an nan bayan ta yi ƴan kwanaki tana tahiya a sake awon a wurin da anka yi na farko, don sabon sifirin yakan ɗan ƙara zama.