Yadda na mayar da sabon wuyan gitata kamar tsoho

Alhamdulillahi, wuyan gitata ta lantarki, na katakon maple, ya daina ƙyallin da ke damuna, ya yi launin zuma irin na gitocin kamfanin Fender na shekarun 1950.

Da farko na shafa masa ruwan shayi mai kauri, sannan na shanya shi a rana kwana uku, amma ko gezau, domin fentin polyurethane da ke kansa ba ya shan komai.

Sai na kwance sukurori huɗun da ke riƙe da wuyan, na raba shi da gangar jikin. Na goge bayan wuyan da sanfefa mai lamba 320, na bi da 400, har katako ya bayyana a inda tafin hannu ke zama. A gaban wuyan kuwa, inda ƙananan ƙarafa suke jere a gicciye, tsakanin ƙarfe na 1 zuwa na 7 kaɗai na kankare, daidai ƙarƙashin tsirkiya. Na goga garin fensir da yatsa a wuraren, na shafa man takalmi ruwan ƙasa, na share bayan minti 10, sannan na rufe da Tru-Oil, wani man shafa wa katako, sau biyu, kwana ɗaya a tsakani.